Zauren da Ba Ƙyaure

A 1982, lokacin da Jon Postel ya rubuta ƙa'idar SMTP wadda har yau imel ke tafiya a kanta, masu amfani da intanet 'yan tsiraru ne, galibinsu malaman jami'a da masu bincike. Saboda haka uwar garke takan karɓi wasiƙa daga hannun kowa ta miƙa gaba ba tare da tambaya ba, kamar zauren malami da matafiyi zai sauka, ya sha ruwa, ya wuce.

Wannan karamci masu tarkacen saƙonni suka mayar jari. Sukan laluɓo uwar garken da ke buɗe, su turo mata dubban wasiƙun yaudara, ita kuma ta raba su da adireshinta. A 1998 manhajar Sendmail ta rufe wannan ƙofa a fitowarta ta 8.9, a shekarar ce kuma aka kafa Spamhaus, wadda ke tattara adireshin masu laifi domin duniya ta guje su.

Bara aka kira ni daga gidana a Hanwa zuwa wani ofis a Sabon Gari. Mako guda wasiƙunsu na dawowa, har wani abokin cinikinsu na waje ya ɗauka sun janye. Na tarar da tsohuwar uwar garke a lungu, cike da saƙonnin cin caca da babu wanda ya rubuta su a ofishin. Ɓarawo ya yi sata, mai zaure aka kama.

Gyaran ba shi da wuya. Mashiga ta 25 ta karɓi wasiƙar mutanen gida kawai. Mai aikawa waje ya bi ta 587 da sunansa da kalmar sirri. Muka sauya kalmomin sirri, muka share layin, muka saka SPF da DKIM da DMARC don tabbatar da asalin kowace wasiƙa, sannan muka nemi a cire adireshin daga jerin. Na kuma shawarce su da su yi ritaya da injin, tunda manhajar da aka daina yi wa faci ba ta da tsaro.

Abin da ya fi damuna shi ne suna. Tun zamanin wasiƙun 419 ake yi wa saƙon Nijeriya kallon tuhuma. Duk ƙofar da muka bari a buɗe tana ƙara wa tuhumar ƙarfi, kuma ɗalibar Samaru da ke neman gurbin karatu a waje ita ma tana biyan bashin.