Riba A Littafi, Akwati Wayam

Mu malaman makaranta mun daɗe muna koya muku lissafin riba da hasara a kan allo, watau a sayi abu kaza, a sayar kaza, abin da ya hau shi ne riba. Amma akwai wani lissafi wanda ba ya cikin littafinku, mu ma ba mu san shi ba sai da ya ka da mu. Shi ne sanin ranar da kuɗi za su shigo hannu, da ranar da za su fita.

Ga yadda aka yi. Mu uku muka haɗa 'yan kuɗinmu, muka buɗe ɗan kanti a bakin makarantarmu a ƙasar Kiru, muna sayar da littattafan rubutu da alƙaluma da sabulu. Ciniki ya yi kyau ƙwarai. To, amma galibin iyayen yara manoma ne, dukiyarsu tana gona, sai su ce, "Malam, a rubuta, in kaka ta yi ma biya." Wa zai hana ɗan makaranta littafi? Muka yi ta rubutawa. Da damina ta raba tsaka muka zauna muka yi lissafi, littafi ya ce mun ci riba. Muka buɗe akwati, abin da ke ciki ko kuɗin mota zuwa Kano bai kai ba. Ga hutu ya ƙare, ga kanti ba kaya, ga mai ba mu kaya ya aiko yana son nasa ran Jumma'a. Ba wanda ya cuce mu, da kaka kusan kowa ya biya. Amma kafin nan mai kaya ya janye yardarsa, kanti kuwa ya yi wata biyu a kulle.

Da mun kula da labarin maƙwabtanmu da ba mu sha wannan kunya ba. A Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata cikin 1877. Ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, sa'an nan bayan jirgin ƙasa ya fara jigilar kaya daga Kano a 1912 ya shiga cinikin gyaɗa. Cinikin nan kuwa ba ya tafiya da alkawari, manomi in ya ɗora buhunsa a sikeli nan take ya ke son kuɗinsa. Saboda haka kamfani kan ba manyan masaya kuɗi tun kafin kaka, su kuma su rarraba wa yaransu su shiga ƙauyuka. Wanda kaka ta same shi hannu sake, yana kallo gyaɗa za ta wuce rumfar wani. A 1929, da aka buɗe banki a Kano, Ɗantata ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙuma 20. Mutane kan yi mamakin yawan raƙuman. Mu abin da ya tsaya mana a rai, tsaba ce, ba bashi a hannun jama'a ba.

Kada ku ce wannan zancen da ne. A farkon 2023, da Babban Bankin Nijeriya ya sake takardun naira 200 da 500 da 1,000, takardar kuɗi ta yi wuyar samu. 'Yan kasuwar da ke sayen shinkafa a Tudun Wada, ko masara a ƙasar Doguwa, suna da kuɗi jibge a banki, amma ba su da abin sallamar manomi da ɗan dako. Mai 'yar tsaba a aljihu shi ya sayi kaya da rahusa.

Yanzu mun sake buɗe kantinmu. Ba mu daina ba da bashi ba, gama ba ma iyawa, amma ba ya wuce sulusin kayan da ke ciki. Kowace Alhamis mu kan ƙidaya abin da ke akwati, mu rubuta waɗanda za mu biya cikin mako biyu masu zuwa, kowa da ranarsa. Shekaranjiya wani dattijo ya zo neman littattafai shida sai kaka. Muka duba lissafi, muka ba shi biyu. Ya tafi bai ji daɗi ba, mu ma haka.