Kalmar duka wadda ta koma yajin aiki

Mu da muka tashi a zangunan Kumasi da Akra, muka koyi Turanci a makaranta muna Hausa a gida, an koya mana cewa “strike” na nufin bugu. Ba ƙarya aka yi mana ba, sai dai an ba mu ƙofa ɗaya ne a gida mai ƙofofi goma. Da wannan kalma Bature ke ƙyasta ashana, da ita yake ƙulla ciniki, da ita yake soke sunan mutum daga rajista. Idan aradu ta faɗo, ita ce; idan mai haƙa ya dace da zinariya, ita ce; ɗan wasan gaba a ƙwallon ƙafa ma daga gare ta ya samo sunansa. Abin mamaki, a tsohon Turanci ma'anarta ta fi kusa da shafa abu a hankali. Kalmar lallashi ce ta rikiɗe ta zama ta faɗa.

Ma'anar da ta fi ɗaure mana kai ita ce ta yajin aiki. Wa ake duka a ranar da kowa ya naɗe hannu? Masana asalin kalmomi suna mayar da zancen zuwa Landan a 1768, lokacin da ma'aikatan jiragen ruwa suka nemi ƙarin lada. A yarensu, sauke filafilan jirgi shi ne “strike”. Suka sauke filafilai, jirage suka kasa motsi, sunan kuwa ya bi ƙin aiki har yau. Da wannan suna aka kira yajin gama-gari na Janairun 1950 da Kwame Nkrumah ya yi kira a yi, wanda ya kai shi kurkuku.

Bahaushe da ya zo raɗa wa abin suna bai je bakin teku ba, cikin gida ya duba. Ya tuna matar da aka ɓata wa rai, ta ɗaure kayanta ta tafi gidan iyayenta, ba saki ba, ba zama ba, sai an je biko. A ganinmu tamu ta fi tasu dacewa, domin a cikin yaji akwai fushi, akwai niyyar dawowa, akwai kuma tilascin a zauna a sasanta.

Kada mu yi wa Turanci dariya, tamu “buga” ma ba ta zama wuri ɗaya. Muna buga waya, muna buga littafi, muna buga misali. Mabugi na buga shadda har ta yi ƙyalli, malami na bugun ƙasa, mashayi ya bugu, matashi kuwa ya fita buga-buga. Ko “ƙarfe goma” da muke faɗa kullum, amon ƙarfen da ake bugawa don sanar da lokaci ne ya rage mana a baki.

Inda abin ke damunmu shi ne wajen ƴan'uwan kalmar. Turanci na da “slap” da “punch” da “kick” da “lash”, yaranmu sun haddace su tsaf saboda jarrabawa. Amma tambayi ɗan zango bambancin ranƙwashi da dundu, sai ya yi shiru. Alhali kakanninmu sun rarrabe duka gaɓa-gaɓa: mari na kunci ne da tafin hannu, naushi na dunƙule ne, ranƙwashi a ka yake sauka, dundu a gadon baya, shuri na ƙafa, hauri na jaki, tunkuyi na rago. Wanda aka lakaɗa wa duka ba ɗaya yake da wanda aka ɗan zungura ba.

Wannan ba ado ba ne kawai. A ofishin ƴan sanda ko gaban alƙali, tsohuwa za ta ce an mangare jikanta, tafinta kuma ba shi da komai a baki sai “beat”. Da wannan kalma guda za a rubuta ranƙwashin da kawu ya yi wa yaro, da ita kuma za a rubuta dukan kawo wuƙa, alƙali kuwa abin da ke kan takarda zai karanta.