Ndar, garin masunta da masu ɗaukar hoto

Labarin wannan wata na wani gari ne mai nisa, a ƙasar Senegal. Turawa suna ce masa San Luwi. Mutanen garin kuwa suna ce masa Ndar. Yana arewa da Dakar, tafiyar fiye da kilometir 250 a mota, dab da iyakar Muritaniya. A nan kogin Senegal yake kusantar teku.

Garin kashi uku ne. Kashi na farko yana bisa tudu. Daga nan matafiyi zai hau wata gada ta ƙarfe, mai tsawon metir 500 da ƴan kai, wadda aka buɗe a shekara ta 1897. Gadar tana kai shi tsibiri, wato ƙasar da ruwa ya kewaye. Faransawa sun kafa gari a tsibirin nan a 1659. Shi ne kashi na biyu. In matafiyi ya ƙetare wata ƙaramar gada, sai ya iske kashi na uku: wani siririn rairayi mai tsawo, kogi a gabas, teku a yamma. Unguwar masunta, Get Ndar, a nan take.

Unguwar a cike take maƙil. Ga jiragen katako masu fenti iri-iri. Ga amalanken doki, ga tumaki, ga yara. Ga mata suna shanya kifi. Wannan ya sa masu ɗaukar hoto suke son wurin ƙwarai.

Hoto ba baƙo ba ne a Ndar. Tun 1860 wani baƙar fata haifaffen Amurka, Ogastas Washinton, ya buɗe ɗakin hoto a garin. Daga baya ƴan ƙasa suka karɓi sana'ar. Maisa Gay ya buɗe nasa a 1945. Mama Kase, wanda aka haifa a Ndar a 1908, ya yi suna a Dakar wajen hoton mata cikin ado. A 2017 an buɗe gidan ajiyar hotuna a tsibirin, inda baƙo zai ga fuskokin mutanen da.

Masu hoton da suna shigar da mutum ɗaki, su rataya zane a bayansa, kamar yadda ake yi wa mai son hoton katin ɗan ƙasa. Amma a bakin teku babu ɗaki, babu zane. In an ɗauki hoton masunci haka kawai, fuskarsa za ta ɓace cikin jirage da jama'a. To, yaya ake yi?

Dabarar tana cikin idon na'ura, wato gilashin da ke gabanta. A cikin idon akwai wata kafa da haske yake bi. Ana iya buɗe ta, ana iya tsuke ta, kamar idon kyanwa da yake buɗewa da dare, ya tsuke da rana. Akwai lambobi da ke nuna girman kafar. Ƙaramar lamba, kamar 1.4 ko 2, kafa babba ke nan. Babbar lamba, kamar 11 ko 16, kafa ƙarama ke nan. Idon da kafarsa take iya buɗewa sosai, shi ake kira mai sauri, don yana tara haske cikin ƙanƙanen lokaci. Irinsa ya fi tsada.

In an buɗe kafar sosai, abin da aka auna kaɗai yake fitowa garau. Abin da ke bayansa sai ya yi dishi-dishi, kamar gari ranar hazo. Kowa yana iya gwadawa ba da na'ura ba. Mutum ya rufe ido ɗaya, ya ɗaga yatsa kusa da fuskarsa, ya dube shi. Iccen da ke can nesa zai dushe.

Haka mai hoto yake yi wa masunci. Ya matso kusa da shi. Ya tsai da shi nesa da jirage. Ya auna ƙwayar idonsa, ya buɗe kafa. Sai fuskar ta fito da zufanta da furfurarta, jirage kuwa su koma launi mai laushi a baya. Aikin yana son natsuwa. In masuncin ya ɗan gusa, hancinsa zai fito garau, idonsa ya dushe, hoto ya lalace. Lokacin da ya fi kyau shi ne sassafe da marece. Da tsakar rana haske ya yi yawa, kuma inuwa tana cika ramin ido.

Hoton teku kuwa dabam ne. Nan mai hoto yakan tsuke kafar, don komi ya fito: rairayin da ke gabansa, jirgin da ke tsakiya, da inda ruwa ya haɗu da sama. In yana son igiyar ruwa ta tsaya cik a hoto, sai ya sa na'ura ta ƙifta da sauri, kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa. Bayan aiki wajibi ne ya share na'urarsa, don gishiri da rairayi maƙiyanta ne.

A Get Ndar hoton teku ba na ado ba ne kaɗai. Teku yana cin unguwar. A watan Oktoba na 2003 kogi ya cika, ya kusa shanye gari. Sai aka haƙa hanya mai faɗin metir 4 a cikin siririn rairayin, kudu da gari, don ruwa ya fita. Gari ya tsira, amma hanyar ta yi ta faɗi har ta kai kilometir da dama. Mutanen wani ƙauye, Dun Baba Jeyi, sun tashi sun bar shi ga ruwa. Masunta da yawa sun mutu wajen ƙetare bakin nan. A 2017 da 2018 igiyar ruwa ta rushe gidaje a bakin gaɓa, aka kwashe iyalai zuwa tudu. Daga baya an jera manyan duwatsu don tare ruwan.

Gidan da ruwa ya ci, a hoto kaɗai ake ganinsa yanzu. In an ajiye tsohon hoto kusa da sabo, kowa zai ga iyakar abin da teku ya ci. Gani ya kori ji. Amma hoto ma sai an adana shi: gobara ta cinye ɗakin Mama Kase da yawancin aikinsa kafin ya rasu a 1992.

Manomin da rairayi ya rufe wa gona ya san irin wannan ciwo. Saboda haka wanda ya samu na'ura, ko salula mai hoto, ya yi koyi da masu hoton Ndar. Ya fara neman izini, ya matsa kusa, ya ɗauki fuskar tsohonsa garau. Sa'an nan ya ja da baya, ya ɗauki gona da rijiya da itatuwa gaba ɗaya. Ya sa a wanke hotunan, ya rubuta shekara da sunan wurin a bayansu. Wata rana jikoki za su nema.