Gayyar Zamani

Idan damina ta yi tsaka, ciyawa ta fi ƙarfin manomi, yakan kira gayya. Samarin gari su fito da fartanyoyinsu, makaɗi yana kiɗa, kafin azahar sun nome gonar da mutum ɗaya zai yi mako bai gama ba. Ba a biyan kowa lada, sai fura da tuwo. Shi ya sa Hausawa suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, a zamanin nan an sami wata irin gayya wadda ba sai an taru wuri ɗaya ba. Abin da ya kawo ta shi ne intanet, watau hanyar da kwamfutocin duniya ke aika wa juna saƙo. A shekarar 1969 aka fara haɗa kwamfuta huɗu a Amurka. A 1989 wani mutumin Ingila, Tim Berners-Lee, ya ƙago dabarar shafuffukan da ake karantawa a intanet. A 1993 ma'aikatar da yake wa aiki ta bar wa duniya dabarar kyauta.

Cikin gonakin da ake wa wannan gayya akwai wata babba, sunanta Wikipedia. Jimmy Wales da Larry Sanger suka kafa ta a 2001. Kundin sani ne wanda kowa ke iya karantawa ba da ko anini ba, kowa kuma yana iya sa hannu. Ga misali. Malami a Kano ya rubuta labarin marinar Ƙofar Mata, ya faɗi littafin da ya samo shi. Wani a Damagaram ya ga kuskure, ya gyara. Wata a Kumasi ta ƙara bayani. Ba su taɓa ganin juna ba, ba kuwa wanda ya biya su.

Kowace gona ba ta rasa ciyawa. Akwai masu shiga su rubuta ƙarya. Amma duk gyaran da aka yi ana ajiye shi, saboda haka in wani ya ɓata shafi, sai wani ya mayar da shi yadda yake.

Yau ana rubuta Wikipedia da harsuna fiye da 300, har da Hausa. Ta Turanci tana da labari fiye da miliyan 6. Ta Hausa kuwa ba ta ko kama ƙafarta ba. Sau da yawa yaro kan nemi labarin ƙauyensu da harshensa, ya rasa.

Kuyyan da ba a nome ba suna da yawa, amma manoman suna tafe. Su ne yaran da ke aji yau suna koyon rubuta Hausa daidai, da bambanta gaskiya da jita-jita. Wanda ya kula da alƙalaminsa tun yanzu, ran da ya girma ba zai je gayya hannu sake ba.