Ƙugiya Mai Gashin Zabo A Bakin Dam Ɗin Challawa

Mutanen Kwanyawa da sauran ƙauyukan ƙasar Karaye manoma ne tun kaka da kakanni, amma tun da aka kammala madatsar ruwan Challawa a 1992, su ya zama sana'ar da ake ci da ita a yankin. Dam ɗin yana da nisan kusan kilomita 90 daga birnin Kano. In ka tsaya a bakinsa da sassafe, kwale-kwale za ka gani suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, masu sarin kifi kuma na jira da kwandunansu.

Mun je can lokacin hutu, mu huɗu daga jami'a, domin mu gwada wata dabara. A Amurka akwai masu fatsa da ba sa sa tana ko wani koto a ƙugiya. Gashin tsuntsu suke ɗaura mata da zare, ta yadda in ana jan ta cikin ruwa sai ta yi kama da ɗan ƙaramin kifi. Wani mai suna Lefty Kreh ya ƙirƙiro irin tasa domin kifin teku, ta yi suna har aka buga hotonta a jikin kan sarki a 1991. Daga baya masu fatsa a koguna suka ga ashe tirawut ma, wani kifin ruwan sanyi da ba mu da shi a nan, yana kai mata cafka. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne: kifin da ke cin 'yan'uwansa ba ruwansa da inda ƙugiya ta fito, da ya hango abu na wutsil-wutsil kamar mai rauni, sai ya bi.

Mu da gashin zabo da jelar farin zakara muka haɗa tamu. Wani dattijo da muka tarar yana ɗinkin koma ya karɓa, ya jujjuya ta, ya yi dariya.

“Samari, wa kuka yi wa wannan kwalliyar?”

“Tarwaɗa, Baba.”

“Ai tarwaɗa ba da ido take farauta ba.”

Nan ya zaunar da mu. Ya ce dogon gashin bakin nan nata da shi take lalube a ƙasan ruwa, wari take bi, kuma ta fi fita da dare. Shi ya sa ake sa mata koto mai ƙarni, gashin zabo kuwa ba ya warin komai. Karfasa kuma yawancin abincinta gansakuka ne da ciyawar ruwa, ba za ta wahalar da kanta da bin abu mai gudu ba. Masu farauta da ido su ne irin su tsage da giwan ruwa, waɗanda ake kamawa a Kainji da Tafkin Chadi. Su ma sai ruwa ya kwanta. Da damina, idan jar laka ta gangaro daga gonaki, ko tafin hannunka ka tsoma ba ka ganinsa, balle kifi ya hango gashi.

A ganinmu bayanin dattijon ya fi ƙugiyar tamu daraja. Shi dai abin da ya dame shi daban ne: masu jan taru mai ƙananan idanu, har da gidan sauro, suna kwashe 'ya'yan kifi tun ba su kai yatsa ba. Manyan kifayen da ake nema da ƙugiya irin tamu kuwa da waɗannan ƙananan suke rayuwa, in aka kwashe su, manyan ma sai a neme su a rasa.

Ɗalibin da yake son gwadawa, ya bari sai da rani, bayan ruwa ya washe. Ya jefa kusa da ciyayi ko duwatsu, inda ƙananan kifaye ke ɓuya, ya riƙa jan zaren yana tsayawa. Kada kuma ya je shi kaɗai, domin bakin dam yana da wuraren da taku ɗaya ke kai mutum ruwan da ya sha kansa.