Dogon Hutu da Ruwan Kududdufi

An ba da dogon hutu, kuma idan kina Zakirai ko wani ƙauye na ƙaramar hukumar Gabasawa, kin san yadda yinin yaro yake tafiya a damina. Da sassafe makarantar allo, sannan gona, a taya noman gero da gyaɗa, a yanko wa tumaki ciyawa. Rana na take tsaka, sai kududdufi. Babu kuɗin lesin, babu filin wasa, ramin da aka ɗebi ƙasar gini ya cika da ruwan sama shi ne wurin shaƙatawarsu. Ni dai ba na ganin laifinsu. Wa zai dawo daga gona sharkaf da gumi ya ga ruwa ya wuce?

Abin da ke damuna a matsayina na ma'aikaciyar jinya shi ne tsargiya. Tsutsarta tana rayuwa a jikin ƙananan katantanwa na ruwan da ke kwance. Ba sai yaro ya sha ruwan ba, ta fata take shiga yana cikin iyo. Kuma ba ta nuna kanta da wuri. Sai bayan wata biyu zuwa uku, an koma makaranta, an yi girbi, an manta da wanka, sannan jini ya fara biyo ƙarshen fitsari. Ɗan shekara goma ba zai zo ya gaya miki ba. Kunya yake ji, ko abokansa sun ce masa alamar zama namiji ce. Har daga bakin manya na sha jin haka, raina kuwa yakan ɓaci, don jinin nan daga mafitsara mai rauni yake fitowa. A hankali yaro ya ɗashe, kuzarinsa ya ragu a aji. 'Ya'ya mata ma tana kama su a wurin wanki, sai a yi ta ɗirka musu maganin sanyi.

Hana su zuwa faɗa ne da ba kullum za ki ci ba. Ki tanadi ruwan rijiya ko na burtsatse su watsa a gida, ki ja musu kunne kan yin fitsari a kududdufi, don ta nan ƙwan ke komawa ruwa. Sannan ki riƙa tambaya, daga ke sai shi, ba a gaban ƙannensa ba: "Abba, fitsarinka ya canja launi?" Idan ya sunkuyar da kai, ku tafi asibiti. Sunan maganin praziquantel, ana auna tsayin yaro ko nauyinsa kafin a ba shi. Ki tabbata ya ci abinci kafin ya sha, don yana juya ciki.