Kumbon da Bai Sauka a Wata Ba

A watan Agusta na 2025 muka ji a rediyo cewa Jim Lovell ya rasu yana da shekara 97. Da aka koma makaranta muka rubuta sunansa a allo, muka tambayi yara ko sun san shi. Ba wanda ya ɗaga hannu. Ba mu ga laifinsu ba, gama mu ma ba a haife mu ba sa'ad da abin ya faru. Daga bakin tsohon hedimastanmu muka fara jin labarin. Yakan ce wata uku ke nan da gama yaƙin basasa, suka sake kewaye rediyo, suna yi wa waɗansu mutum uku addu'a waɗanda ba su taɓa gani ba.

Ran 11 ga Afirilu 1970 kumbo Apollo 13 ya tashi daga Amurka ya nufi wata, ɗauke da Lovell da Jack Swigert da Fred Haise. Sau biyu mutane sun riga sun sauka a wata, har jama'a sun fara ɗaukar tafiyar kamar zuwa kasuwa. Bayan kwana biyu, suna nesa da duniya wajen mil 200,000, aka ce wa Swigert ya kunna fankar da ke motsa iskar shaƙa cikin tanki. Ya kunna. Sai suka ji ƙara, kumbo ya girgiza. Tankin ya fashe. Lovell ya leƙa ta taga, ya ga iskarsu tana tsiyayewa cikin sarari.

Daga wannan iska kumbon yake samun lantarki da ruwan sha. Saboda haka maganar sauka a wata ta mutu, saura ta komawa gida. Suka kashe babban kumbo, suka ƙaura cikin ƙaramin da aka yi domin saukar da mutum biyu a wata na kwana biyu. Ga shi su uku ne, tafiya kuma ta kusan kwana huɗu, gama sai sun zaga ta bayan wata kafin su juyo. Ruwan kowa a yini bai cika kofi ɗaya ba. Sanyi ya hana su barci, Haise kuma ya kamu da ciwon mara da zazzaɓi.

Gurɓatacciyar iskar da suke fitarwa ma ta so ta kashe su. Matatan babban kumbo masu kusurwa huɗu ne, mazaunin matata a ƙaramin kuwa zagayayye. Injiniyoyi a Houston suka gwada dabara a ƙasa, suka karanta musu ta rediyo. Da leda da bangon littafi da tiyo da salatif suka haɗa abin, ya kuwa yi aiki. Yara sun fi son wannan wuri, har wani ya ce ai mai gyaran rediyon unguwarsu zai iya. Ran 17 ga Afirilu suka faɗa tekun Pasifik, dukansu da rai.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai tun a ƙasa ya faru. A 1968 tankin nan ya suɓuce a masana'anta, ya faɗi kamar inci biyu kacal. Aka duba, aka ce lafiya lau. Ana saura makonni a tashi, aka cika shi domin gwaji, ya ƙi zubar da abin da ke cikinsa. Sai aka kunna abin ɗumama shi har awa takwas don iskar ta fita, Lovell da kansa ya yarda da wannan shawara. Akwai wani ɗan makunni da zai kashe wutar in zafi ya yi yawa, amma an yi shi domin lantarki mai ƙarfin 28, aka ɗora masa mai ƙarfin 65, ya narke ya manne. Zafi ya hau har wajen 1,000 a ma'aunin Amurka, ya ƙone robar da ke lulluɓe wayoyi. Ma'aunin da ake dubawa kuwa, iyakar lambarsa ba ta kai 90 ba. Allura ta je ƙarshe ta tsaya, mai dubawa ya ga daidai abin da yake sa rai zai gani.

Waɗansu ba su tsira ba. A 1986 Challenger ya tarwatse bayan tashi da daƙiƙa 73, domin sanyin safiya ya sandarar da wani zoben roba. Mutum bakwai suka mutu, cikinsu har da malamar makaranta irinmu, Christa McAuliffe, 'yan makaranta suna kallo a talabijin. Na Columbia a 2003 muna samari muka ji shi: ɓallin soso ya bugi fiffike wajen tashi, kumbo ya wargaje wajen dawowa, bakwai kuma suka tafi.

Da muka gama, wata yarinya a bencin baya ta tambaya ko an hukunta mai duba ma'aunin nan. Muka ce mata abin da ya gani shi ya faɗa, bai yi ƙarya ba. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "To, Malam, laifin wa ke nan?" Muna cikin neman amsa aka kaɗa ƙararrawar tashi.